Baƙin Man da Ya Tsiyaye a Hanyar Nguru

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. A bakin rijiya tambaya, a gidan suna tambaya, har Talatu da ba ma gaisawa sosai sai da ta leƙo. Wai yaya Nguru take, wai da gaske ne jirgin ƙasa ya fi garinmu tsawo, wai ban ji tsoron babur ba. Ni kuwa in na buɗe baki sai in rasa ta inda zan fara. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya da ɗan bokon da muka koya a ajin mata, wadda ta iya ta karanta wa saura, a ƙyale ni haka nan.

Kun san ƙyanda ta shigo mana da damina. Ta kama yarinyar nan tawa ta fari, wadda kuke kira Uwani saboda sunan uwar mijina gare ta. Ƙurajen suka bushe, muka yi ta godiya, amma idanun suka ƙi buɗewa. Ranar da suka buɗe sai na ga wani fari-fari a kan baƙin, kamar yanar da ke kwanciya a kan madara. Aka yi tofi, aka wanke da jiƙo, aka sa kwalli, farin bai gusa ba. Ubanta Sale kuwa yana kwance da kurkunu a ƙafa biyu, ko kewayawa sai an riƙe shi.

Ana cikin haka wansa ya zo daga Haɗeja duba shinkafar fadama. Malam Habu ke nan, malamin gona na En'e, wato hukumar sarki, mai babur ɗin nan da kuke jin ƙararsa tun daga nesa. Ya ɗaga fatar idon yarinyar, ya daɗe yana kallo. Sannan ya gaya wa uwarsu cewa ya ji a ofis wani Bature likitan ido ya sauka a Nguru, amma jirgin Alhamis zai koma da shi Kano. Ran nan Lahadi ce. Ya ce ruwa ya cinye hanyar mota, amma in aka bi ta fadama a babur, ran Talata da yamma ana can.

Yarinya ba a yaye ta ba, dole ni ce zan kai ta. Uwar mijina ta ce ita ba ta taɓa jin inda mace ta hau bayan wan miji ba. Ni da Yaya Malam ko ido ba mu taɓa haɗawa ba, in ya shigo gida ɗaki nake shigewa. Tsohuwar ta yi ta juya abin har dabara ta zo mata: aka ɗaura mini Uwani a ƙirji maimakon baya, ta zama ita ce a tsakaninmu. Magana ma ta kanta muke bi. Da na hau sai na ji ya ce, bai waiwayo ba: "Uwani, gaya wa uwarki ta riƙe ƙarfen nan da kyau, kada ta sa ƙafa kusa da salansa."

Babur ba daɗi, in gaya muku. Haƙora sai haɗuwa suke yi, ga iska tana neman ƙwace mayafi, ga tsoron kada kan yarinya ya bugi bayansa. Da muka wuce Baturiya muka hau wata jigawa, rairayi ya kama ƙafar gaba, sai ga mu a ƙasa. Na faɗi da baya don kada in danne ta, salansar da aka yi mini kashedi ta lashe mini ƙwauri. Wannan duk mai sauƙi ne. Akwai kwalbar baƙin mai da yake tafe da ita cikin buhu don ko ta kwana, ita ce ta fashe. Ta jiƙe mana garin fura da ƙuli-ƙulin guzuri, sauran rairayi ya shanye yana tsaye yana kallo. Ya ce Uwani ta gaya mini ba komai, na cikin babur ɗin a cike yake.

A Kirikasamma muka kwana, gidan wani abokin aikinsa. Matan gidan mutanen kirki. Suka shafa mini zuma a ƙunar, suka ba ni tuwon shinkafa da miyar banda, kifin ya fi tuwon yawa, abin da mu sai da salla. Sauronsu kuwa ya ninka namu. Kan rumfa suke hawa su kwanta, a tura hayaƙin kashin shanu a ƙarƙashi, kowa ya tashi yana warin garke. Uwargidan ta lura ina yawan buɗe idon yarinyar ina leƙawa. Ta tambaye ni ko ta fari ce, na sunkuyar da kai. Ta ce to in riƙa yi a ɗaki, kada mutane su ce ba ni da kunya. Na ce to.

Da gari ya waye na shirya tun ana kiran salla, na tsaya a bakin zaure da yarinya a ƙirji. A nan na fara ganin yadda yake duba mai. Ba ya yi a kan gangare, sai ya nemi wuri mai shimfiɗa, ya share da ƙafa. Ya tsayar da babur cak a kan ƙafarsa ta ƙarfe, ya ja da baya ya dube shi ko ya karkace. Akwai wani ɗan tanki a gefe, ƙarƙashin wurin zama, daban da na fetur. Ya kwance murfinsa. Ya fito da wani siririn kara daga aljihu, nannaɗe cikin tsumma, an yi masa tsaga biyu da wuƙa, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ya tsoma, ya zaro, ya goge, ya sake tsomawa, sannan ya ɗaga shi sama yana kallo kamar mai duban wata. Maza sun kewaye shi, yana yi musu bayani. Wai bakaniken Di'o, wato Baturen mulki, shi ne ya koya masa: fetur abinci ne, in ya ƙare babur ya tsaya da yunwa, a ba shi ya tashi; baƙin mai kuwa jini ne, in ya ƙare sai mutuwa. Wai ya yi wa Baturen mulkin alkawari kullum da safe zai duba, kuma ba zai taɓa zuba masa wani mai ba sai nasa. Ni dai rana nake kallo tana hawa katanga. Man ya kai tsagar sama, ya yi hamdala, muka tashi.

Da hantsi muka iso babban ruwa. Ba ka ganin ƙarshensa, sai ciyawar burugu da tsuntsaye. Jiragen fito biyu ne a wurin, shugabansu wani dattijo siriri, ana ce masa Sarkin Fito. Aka ɗora babur a tsaye, jirgi ya fara rawa. Yaya Malam ya ce ko ta yaya a tsaye za a kai shi, suka ce to. Jirgin ba zai ɗauki babur da namiji mai jiki irinsa ba, don haka ya shiga na gaba da sauran maza, ni mara nauyi aka sa ni tare da babur.

Jirginsu na shigewa cikin burugu, Sarkin Fito ya ce wa abokin tuƙinsa shi ba zai kifar da mace da goyo saboda ƙarfe ba. Suka shimfiɗa ciyawa, suka kwantar da babur a gefensa, suka ɗaure shi gaba da baya yadda suke yi wa jakuna. Jirgi ya daidaita. Gaskiya ni ma sai na ji hankalina ya kwanta.

Mun yi nisa sai na ga wani baƙin abu yana bin ƙarfe yana ɗiga. Ruwan da ke kwance a ƙasan jirgi ya fara yin launi-launi kamar wuyan tantabara. Na ce, Baba, abin nan yana zuba. Ya leƙa, ya yi dariya.

"'Yata, tun ba a haifi uwarki ba nake fito. Jaki in ka kwantar da shi a jirgi sai ya yi fitsari, doki ma haka. Balle wannan da bai san ruwa ba."

Ya ɗauki ƙwarya ya ci gaba da kwarfewa yana zubarwa. Launin ya bi bayanmu a kan ruwa, ja da kore da shuɗi. Na juyo da fuskar yarinyar wajen, ko za ta miƙa hannu yadda takan yi da, ba ta miƙa ba. Fiton da tsawo, ana ta kewaye-kewaye cikin ciyawa har rana ta take. Kafin mu kai gaɓa suka tayar da babur, suka goge shi da ciyawa.

Da muka sauka ban yi shiru ba. Na ce Uwani ta gaya wa Baffanta babur ya yi fitsari a jirgi. A nan ne kaɗai na ji dariyarsa duk tafiyar. Ya buɗe tankin fetur ya leƙa, ya girgiza, ya ce lafiya lau, ruwa ne ya fantsama. Mai kuwa ai ya duba da safe. Haka aka koya masa, da safe.

Ba mu yi wata doguwar tafiya ba muryar babur ta sake. Wani ƙwas-ƙwas ya shigo, kamar ana daka da ƙaramar taɓarya a cikinsa, zafi yana bugun ƙafata ta cikin zane. Ya tsaya a gindin wata tsamiya. Ya nemi wuri mai shimfiɗa, ya fito da karan nan, ya tsoma. Yadda ya shiga haka ya fito. Ya karkato da babur ya sake tsomawa, bakin karan kaɗai ya jiƙe. Ya tambayi Uwani ko kwantar da shi aka yi a jirgi. Na ce ta ce masa e. Ya kama turawa, ina biye, har muka shiga wani ƙauyen Mangawa ana kiran la'asar.

An sauke ni a ɗakin wata tsohuwa, Ya Fanna, mai yin man gyaɗa. Hausarta kaɗan ce, ni kuma ban da "wushe" ta gaisuwa ban tsinci komai a yarensu ba, amma mun fahimci juna. Burabusko suke ci, gero ne a ɓarje ba a tuƙa ba, yana warwatse a hannu, na yi ta zubarwa suna dariya. Ɗakinta ƙamshin turaren wuta har cikin ƙwaryar sha. Abin da ya fi ba ni mamaki, matansu ba sa rage murya. Ya Fanna tana tsayawa a gaban bulama, wato mai garinsu, ta gaya masa abin da ke ranta da hannu a ƙugu, shi kuma ya saurara.

Bulama ya zo ya duba babur da mutanensa. Da ya gane mai ne babu, sai ya ce ai mai ba ya wuya a garinsu, ga Ya Fanna ta matse sabo. Yaya Malam ya yi godiya ya ƙi. Ya ce babur na En'e ne, ba nasa ba. In ya zuba masa man miya ya mutu, aikinsa ya tafi, watakila har gidan yari. Gida biyu ke ci daga aikin nan, nasa da namu, tun da Sale ya kwanta. Ina daga bayan zana ina ji, kuma na san ba ƙarya ya yi ba. Aka yi maganar takarkari, bulama ya ce sa sai ya kewaye ruwa, ba zai kai mu kafin Juma'a ba. Amma akwai motar mai sayen gyaɗa da ake sa rai gobe, direba ba ya rasa baƙin mai, daga nan kuma rabin yini ne a babur. Aka tsaya a kan a jira mota.

Laraba ita ce ranar da ba na son tunawa. Da safe ya fito da kara ya tsoma, kamar man zai dawo da kansa cikin dare. Sannan ya tafi bakin hanya ya zauna. Ko kurciya ta tashi sai ya miƙe. Ni ina ɗaki ina buɗe ido ina leƙawa. Farin da muka baro gida da shi kamar ƙwayar dawa, a idon dama ya kai wake. Ya Fanna ta gani. Ta nuna mini tulun mai, ta nuna waje, ta tura ni da hannu, wai in je in yi masa magana. Na girgiza kai. Yaya zan yi mata bayani? A wurinmu mace ba ta tsayawa gaban wan miji, kuma ba ta roƙo a kan 'yar fari, sai a ce ta zubar da mutuncin gidansu. Ta yi tsaki ta faɗi wani abu mai tsawo da yarensu. Da yamma wani mai jaki ya zo da labarin motar ta kafe a taɓo can baya, ana ta haƙa.

Alhamis da sassafe na ji motsin murfin tanki. Ban san lokacin da na ɗauki ƙwaryar man Ya Fanna na fita ba. Yana tsugune da kara a hannu. Na tsaya a gabansa, ban bi ta kan kowa ba.

"Yaya, 'yata ce. Jiya na fita da ita rana tsaka, ba ta runtse ido ba."

Bai ɗago ba. Ya daɗe yana juya karan. Sannan ya ce, "Kawo."

Ya tace man da tsumma mai tsabta, ya zuba kaɗan-kaɗan yana tsoma kara, har ya kai tsagar sama. Ya yi bisimilla ya taka. Babur ya tashi bugu ɗaya.

To, ga abin da ya fi ƙona mini rai, kuma shi ne ban iya faɗa muku da baki ba. Ya yi tafiya lafiya. Ƙwas-ƙwas ɗin nan ya ragu har na daina jinsa. Na yi ta jira ya tsaya, ya yi hayaƙi, ya mutu, don in ce ashe Yaya da gaskiyarsa, jiran da muka yi ba a banza ba ne. Bai tsaya ba. Sai ƙamshin suya da yake bin mu, kamar muna tafe da kaskon ƙosai. Ina ganin ƙeyar Yaya Malam, na san abin da nake lissafawa shi ma shi yake lissafawa.

A iyakar ƙasar Haɗeja da ta Barno an gitta gora a hanya. Ɗan doka ɗaya da duba-gari mai gajeren wando, wai ana maganar agana, kowa sai ya nuna lambar rigakafi. Dole na zame mayafi na fito da damtse, Yaya Malam ya juya yana kallon bishiya. Duba-garin ya ga tabon ƙyanda a jikin yarinyar, ya ce sai an tsare mu a wata bukkar zana. Yaya ya yi ta yi masa Turanci, yana nuna idon, yana nuna rana. Ana cikin haka ɗan dokan ya shaƙi iska, ya zagaya babur, ya tambaya ko albashin En'e ne bai isa ba Malam ya haɗa da sayar da ƙosai. Masu jira suka kwashe da dariya, duba-garin ma ya yi, ya ɗaga mana gora. Wannan barkwancin ne ya fisshe mu, ni kuwa ko murmushi na kasa.

Mun shiga Nguru bayan azahar. Tunda kuna so ku ji: akwai buhunan gyaɗa an tara su sun fi kuka tsawo. Akwai ruwa mai fitowa daga ƙarfe in an murɗa. Akwai mutanen kudu, matansu ba mayafi, suna sayar da burodi suna kiran maza da suna. Jirgi kuwa ban gan shi ba. Ƙarafa biyu na gani a shimfiɗe suna ƙyalli, awaki na tsallakawa. Ya tashi tun da hantsi, da likita a ciki.

A asibiti wani malamin asibiti ne ya karɓe mu, mutum mai sanyin magana. Ya haska idon da tocila, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce na dama ya tafi. Na hagu akwai ɗan saura. Likita daga Kano ma ƙasarsu zai wuce hutu, bin sa ba amfani. Ya ba ni wani magani mai kama da man shanu, a riƙa sawa safe da yamma, in ya ƙare in gwada ta ko za ta bi abu da ido. Yaya Malam ya tambaye shi, da jiya muka zo fa? Mutumin ya dube shi, ya dube ni, ya ce wannan sai Allah.

Kafin mu juyo ya kai babur wurin wani bakanike mutumin kudu, ina tsaye a gefe don ba ni da wurin zuwa. Bakaniken ya tsiyaye man, ya shinshina, ya yi ta dariya yana kiran maƙwabtansa. Da gurguwar Hausarsa ya ce man nan da zai kai mu har Kano, a wanke kawai a zuba nasa, babur ba abin da ya same shi. Yaya Malam ya ce to. Ran nan bai ci abinci ba, an dawo da kwanonsa yadda aka kai.

Dawowa ba ni da abin faɗa. A wurin fito ya shiga jirgi ɗaya da babur, ya rungume shi a tsaye har gaɓa, ni aka sa ni a na baya. Sarkin Fito ya tambaye ni ya jikin yarinya, na ce da sauƙi. Ban ga amfanin gaya masa ba, shi ma don kada mu nutse ya yi. Yaya Malam ya sauke ni a ƙofar gida, ya shiga ya gaida uwarsu da ƙaninsa, ko ruwa bai sha ba ya wuce Haɗeja. Har yau bai dawo duba shinkafar ba, an ce wani aka turo.

Maganin ya ƙare ran Juma'ar da ta wuce. Na jira kowa ya fita, na zaunar da ita a tsakar gida inda haske yake sosai. Na ɗaga hannu na kai shi dama, sai ta juya dama. Na kai hagu, ta juya hagu. Har na buɗe baki zan kira Sale. Sai na ji abin da ita take ji: awarwarona ne ke kaɗawa. Na zare su duka na ajiye a kan tabarma a hankali. Na sake ɗaga hannu, na kai dama, na kai hagu, na kawo shi har gaban hancinta. Tana zaune tana fuskantar katanga, tana jira ta ji inda nake.

Na mayar da awarwaron hannuna. Yanzu ko kwanciya zan yi ba na cire su.